Baƙin da Ke Shiga Gidanmu

Zuwa ga Yaya Sammani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa kana lafiya, kai da Nana Hauwa da yara. Mu nan garin Isa da sauƙi. Ƙafar Inna ta lafa, har tana fita tsakar gida. Ruwa ne dai shiru. Geron Kamarawa ya ƙone tun bai kai gwiwa ba, an fita roƙon ruwa, muna jiran ikon Allah.

Yaya, tsoro ne ya sa na rubuto maka. Kwamfutar nan da ka haɗa a ɗakin marigayi Baba, wadda ɗalibansa ke sauraren tafsirinsa a kanta ta wayoyinsu daga Burkusuma har tsallaken iyaka, ita ke neman ja mana masifa. Kamfanin layin intanet sun kira maigidana Halliru yana teburin mai shayi. Ka san nauyin kunnensa, sai ya buɗe muryar wayar kowa na ji. Matar kamfanin ta ce layinmu na amfanin gida ne, ba a yarda a ɗora masa irin wannan na'ura ba, kuma suna ganin mutanen Nijar na shiga gidanmu kullum, in ba a bari ba za su yanke.

Ni da kai mun san shigar da take nufi, ta ɗalibai ce cikin kwamfutar ta waya. Masu shan shayi ba su sani ba. Kafin la'asar magana ta game unguwa cewa muna saukar da baƙi daga tsallake, kuma ka san sunan da ake ba mai yin haka a kwanakin nan: mai ba 'yan bindiga mafaka. Larai maƙwabciyata ta ɗauke kai da na gaishe ta a bakin famfo. Jiya 'yan sa-kai suka zo, suka duba ɗakuna har rumbun da babu ko zangarniya. Rashin ganin kowa bai kwantar musu da hankali ba. Ɗayansu ya nuna fitilar kwamfutar mai ƙyaftawa, ya tambaya da wa take magana. Halliru, Allah ya shirya min shi, ya ce da mutanen Nijar.

Na zare wayar kwamfutar daga wuta da hannuna. Inna ta tambayi dalilin da ba ta jin muryar Baba, na ce mata batir ne. Amma sun ce ranar Juma'a Halliru zai je gaban mai unguwa ya yi bayani, shi kuwa in ya tsorata harshensa ɗaurewa yake. Ni ba za ni iya fahimtar da su ba. Kai ka haɗa abin, kai za su saurara, don Allah ka yi musu bayani kafin Juma'a. Layin su yanke shi, mijina nake so a bar min.

Ka gaida Nana Hauwa, da Kadijatu, da Kawu Yero. In ka kira Halliru ka ji wata murya ta ɗauka, kada ka ce komai, ka kashe ka nemi mai unguwa.

Ƙanwarka,
Kubura