Malam, Rage Rediyon Nan

Zuwa ga Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yaran. Ni dai lafiya lau, in ban da gwiwar nan da ta ƙi jin magana.

Filasan kwamfuta biyun da kika aiko sun iso, tare da bayanin da kika rubuta mini da manyan baƙaƙe kamar ɗan aji ɗaya. Na gane cewa tsarin da ke kan kwamfutar Mamanki ya tsufa, an daina kula da shi, shi ya sa take nishi kafin ta buɗe. Shi kuma sabon tsarin, Linux ɗin, kin ce kyauta ne, mutane daga ko'ina suka haɗu suka gina shi, kowa na iya leƙa cikinsa. Na yarda. Layi na huɗu ne kawai ya tsaya mini a rai, inda kika ce za a goge komai.

Akwai abin da kunya ta hana ni faɗa miki. Kin san yadda Mamanki take buga wa makarantu takardun jarrabawa. Sai ta karanta rubutun malamai da ƙarfi kwamfuta ta naɗa, sannan ta saurara tana bin abin da ta buga don ta kama kuskure. Muryar tana nan, guda sittin da uku. Kullum da safe nakan zauna a kujerarta da kofin shayi in kunna ɗaya. Tana karanta lissafin 'yan aji biyar, ta yi tari, a wani wurin ta tsaya ta ce, "Malam, rage rediyon nan." Wata tara ke nan da rasuwarta, har yau nakan miƙa hannu in rage.

Amma kada ki damu, tsohon naki ba baya ba ne. Na kwashe hotuna da takardu cikin ɗaya filashin kamar yadda kika ce. Ɗan hoton makirufon da nake dannawa in ji ta, shi ma na ja shi na jefa ciki. Har na gwada, na danna shi daga filashin, ta yi magana. Gobe zan saka sabon tsarin.

Ki shafa mini kan yaran.

Babanki.

Zuwa ga Uwata,

Ina gaishe ki, ina fata kin daina kuka. Da kika bugo waya shekaranjiya bayan wasiƙata ta same ki, na san kin gane tun kafin in ƙarasa.

Aikin kansa bai ba ni wahala ba. Na bi takardarki layi-layi, na zaɓi a goge komai, kafin shayina ya huce an gama. Kwamfutar ta koma yarinya, tana buɗewa kafin in gyara tabarau. Hotuna sun dawo, takardu sun dawo. Na danna makirufon, bai ce komai ba. Na danna ya fi sau ashirin.

Na kai ta wurin mai gyaran nan na ƙarƙashin bene, kusa da mai yanka makullai. Mutumin kirki ne, bai yi mini dariya ba. Ya ce abin da na kwafa manuni ne kawai, kamar mutum ya cire lambar gida ya sa a aljihu ya ɗauka ya kwashe kayan ɗaki. Ranar da na gwada ya yi magana ne saboda muryar tana nan a wurinta, ban riga na goge ba. Ya ce in bar masa ita mako guda ya tona, amma bai yi mini alkawari ba.

Teburin yanzu wayam, sai wurin da fentin bai koɗe ba. Gidan ya yi mini girma. Kada ki ce laifinki ne, ni na ɓoye miki.

Naki,
Babanki.

Zuwa ga Uwata,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Gwiwar ta ɗan yi sauƙi.

Na karɓo kwamfutar. Mai gyara ya tona iya tonawa, abin da ya samu daƙiƙa huɗu ne. Mamanki ta ja numfashi, ta ce, "Tambaya ta bakwai," sai ya yanke. Na zauna a bencinsa na saurara sau uku, shi kuma ya juya baya yana neman wani abu a cikin durowa. Na ji zafi ƙwarai, Uwata, kamar an sake sanar da ni rasuwar.

Kafin in tashi na sa ya nuna mini inda sabon tsarin yake ajiye murya. Wannan karon na ga fayil ɗin da idona, da sunansa da nauyinsa. Daƙiƙa huɗun suna wuri uku yanzu. Filashin da ke cikin ambulan ɗin nan naki ne, akwai su a ciki. Akwai kuma wani mai suna Muryar Baba, wasiƙun nan ne na karanta da ƙarfi kamar yadda take yi. Ki ajiye, ko ba yanzu ba. Ba manuni ba ne, na gwada shi a kwamfutar mai gyara.

Za ki ji hayaniya a bayan muryata, ki yi haƙuri. Rediyon ne. Na bar shi a ƙure har na gama karantawa, ba wanda ya ce in rage.

Allah Ya yi muku albarka.

Babanki.