Yawun da Na Aika Turai

Lale ƙawayena na siber, shagon intanet! Ku da kuke ta tambaya ina Zinariya mai surutu ta shige, to ga ni a gadon asibiti. Jibi za a yi mini aikin zuciya, likita kuma bai ɓoye mini komai ba. Da hankalina nake rubuta wannan, ba zafin ciwo ba ne. Ku buga shi a takarda ku ajiye wa 'ya'yana, A'isha Humaira da Yunusu, har su iya karatu.

1. 'Ya'yana, ni na raba gidanmu na unguwar Ridina. Kar ku ɗora wa kowa. Sunanmu Bagobiri, kullum ana cewa kakan kakanku Waliyyullahi daga Gobir ya taso da ƙafa zai je Makka, guzuri ya ƙare masa a nan. Ni da shegen son sani! Bara, 2007, na ga wani gwaji a intanet: a goga auduga a baki, a aika, su faɗi asalin mutum. Ta maza ake bin layin suna, sai na lallaɓi babana Buba da Baffa Zulkiflu, ɗan baffansa kuma baban babanku. Har dariya suke ranar. Sakamako ya zo da Turancin Ingila, ni ko Faransancin da ƙyar. Ban jira an fassara mini ba, na tura wa dangi kaf don murna. Ashe cewa yake su biyun ba kakansu ɗaya ba.

2. Inno Hansatu, autar Waliyyullahi, ta san zancen tun tana yarinya. Baban babana jariri ne aka tsinta a hanya kusa da gawar uwarsa, ita ma mahajjaciya. Matar Waliyyullahi ta ɗauke shi, ta shayar da shi tare da ɗanta. Haka mutanen hanya suke yi, ba sa wuce jariri. Shekara tamanin ba wanda ya buɗe baki sai ni. Wayata Nokia taka ce, Abdallah mijina. Ka je ka ɗauki muryar Inno da ita tana ba da labarin nan yau, don Allah yau, ta tsufa sosai.

3. Baffa, na durƙusa. Na san malamai sun ce ɗan'uwan nono ba ya gado. Ba gado nake roƙo ba, ɗaki ɗaya ne, wanda aka haifi babana a ciki. Kai ba ka kore shi ba, na sani, amma da ya ɗaure kayansa ba ka ce ya zauna ba. Wata bakwai yana haya a unguwar Atrone, ko masallacin unguwa bai san kowa ba.

4. 'Yan kunnena na aure na Humaira ne. Allona da ban sauke ba na Yunusu, ka fi ni. Takardar gwajin tana ƙarƙashin akwatina, a ƙone ta. Akwatin saƙona na intanet ma a rufe shi, kalas, shi ke nan.

5. Ƙawaye, in a danginku an taɓa irin wannan kuma aka shirya, ku gaya wa Abdallah yadda aka yi. Ni dabara ta ƙare mini.

6. Baba, ba ka ɗaga wayata, ban ga laifinka ba. Ka yafe mini ko daga nesa.

Humaira, Yunusu, duk Juma'a a kai ku Atrone, in an ƙi ku yi ta kuka har a kai ku. Ku kama hannun kakanku ku ce ya raka ku gida. Ni zai iya ƙi na, ku ba zai iya ba. In kun iso ƙofar Ridina kar ku sake hannun sai ya shiga.

Allah ya raya ku, ya yi muku albarka, ya sa ku fi uwarku riƙe baki. Kakanni biyu gare ku, kar ku yarda a ce ku zaɓi ɗaya.

Mamanku, Zinariya