Fuskar da Ka Gwada Tawada a Kanta

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Mai sunan Malam, ɗana na fari, a Kaduna. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da matarka da yara. Mu nan Tambuwal sai godiya. An fara yankan gero, mahaifinka ba ya wuni gida.

Na ga abin da ka sa a shafinka. Ka ce za ka sayi firinta ta fitar da hoto baƙi da fari, ka jera gwaje-gwajen da ka yi a shagunan masu sayarwa, ka ce jama'a su taya ka zaɓe. Tunda a bainar jama'a ka yi tambaya, nan zan ba ka amsa. Masu karatu su yi haƙuri, ba da su nake ba.

Ni dai ban ga dalilin da mutum zai bar hoto mai kala da Allah ya hore wa zamani, ya koma irin na katin jarrabawarmu ba. Amma ɗaukar hoto sana'arka ce, kuma ba a kai ni sakandare a banza ba, don haka na karanta bayaninka har ƙasa. Na gane ƙaramar firintar baƙinta ɗaya ne, sai ta riƙa cakuɗa sauran launuka don ta samo ruwan toka, shi ya sa hotonta ya fito kore-kore kamar an tsoma shi a miyar kuka. Babbar kuwa tana da baƙi, da ruwan toka mai duhu, da mai haske. Na gane kuma tawada iri biyu ce: akwai mai shiga takarda kamar rini, ta yi kyau bana ta koɗe baɗi, akwai mai gari-gari da ke zama daram.

Ka ɗauki babbar, ka ɗauki mai garin. Kakanka Malam da gawayi da ƙaro yake haɗa tawadarsa, ga rubutunsa nan cikin gafaka baƙi ƙirin har yau, alhali abin da na rubuta da biro ina 'yar makaranta ya zama inuwa. Abin da za a bar wa na baya ba a yi masa arha. Amsarka ke nan.

Saura tawa tambayar.

Duk gwajin nan fuska ɗaya na gani. Gwaggonka ta Kebbe, yayar mahaifinka, wadda aka ba riƙonka da aka yaye ka. A takarda mai sheƙi ita ce, a marar sheƙi ita ce, a kore-koren ma ita ce. Ka rubuta a ƙasa wai "Innata". Ka ce ka zaɓi fuskarta ne don ka san ta kamar yunwar cikinka, in tawada ta yi ƙarya nan take za ka gane.

Na sa yatsu biyu na buɗe hoton. Na ga tsagar kumatunta layi-layi, na ga haƙoran da goro ya rina, na ga ɗan tabon da ke girarta, wanda ni da na san ta tun ina amarya ban taɓa lura da shi ba. Kallabin da ta ɗaura kuwa ni na sayo shi na aika mata da azumi. Kallabina ya samu shiga, ni ban samu ba.

Kada wani ya ce ina ƙin Gwaggo. Ita ta goya ka, ita ta yi jinyarka da ka yi ƙyanda, ita ta sayar da akuyarta ta saya maka keke. Allah ya saka mata. Amma bakinta ba ya hutawa. Duk sha'anin da ya haɗa mu sai ta dafa ƙirji a gaban mata ta ce, "Wanga ɗana na, ku dai kun haihe shi." A yi dariya, ni ma in yi, don yayar miji ba a mayar mata da magana.

Ranar da ta zo ɗaukarka ina bakin turmi. Kana kuka kana miƙo hannu, ban ɗaga kai ba har motar Kebbe ta tashi. Mata suka yaba, suka ce yarinyar nan ta san kunya. Haka iyayenmu suka koya mana game da ɗan fari: ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a idon mutane. Ban yi abin da ba daidai ba, kuma ba haƙuri na zo ba ka ba. Geron da na daka ranar dai sai da aka zubar wa kaji, don ya wuce tsaki ya wuce gari ban sani ba.

Ka girma kana ce mini Hajiya, kamar ma'aikacin asibiti.

A bikin ƙanwarka Saratu ka zo da kyamararka, ka ɗauki kowa, har mai kiɗan ƙwarya. Da ka juyo kaina na ja mayafi na ce, "Kauce, ba ni so." Ka kauce. Har yau kana kauce. Wa ya koya maka haka? Baƙo ma in an miƙa masa fura cewa yake ya ƙoshi, kuma ba mai ɗauke ƙwaryar, sake miƙawa ake. Uwa ta ce a'a sau ɗaya a gaban surukai, sai ɗa ya riƙe ta kamar hukuncin alƙali? Gwaggo ita ba ta san a'a ba, da kanta take kiranka tana gyara zama, shi ya sa ta cika maka shafi.

Ka ce ita firintar in aka bar ta ba aiki bakinta toshewa yake. Ba firinta kaɗai ba.

Abin da ya hana ni sukuni layinka na ƙarshe ne, inda ka ce wannan tawada za ta kai jikokin jikoki. Wata rana ba ni, ba Gwaggo, ba kai. Yaranka za su sauko da hoton daga bango su nuna wa nasu, su ce ga wadda ta haifi Baba. Wa zai gyara musu? Ni abin da ke akwai nawa a hoto kafaɗa ce da gefen mayafi, a bayan amarya.

Kuma da ka duba da kyau, da ka ga wushiryar nan taka ba ta Kebbe ba ce. Goshin ma haka. Fuskar da kake wankewa kullum da asuba, a nan Tambuwal asalinta yake, wato tawa, ta fara tattarewa, kuma ba ta jiran kowa.

In an gama ɗaurin gero ka zo, ka taho da kyamarar. Bayan la'asar haske yana sauka da kyau a gindin rumbu. Ina gaya maka tun yanzu, in ka ɗaga ta zan ce ba ni so. Wataƙila in ƙara da faɗa, in ce ba ka da aikin yi. Ka bar ni in gama, sannan ka sake tambaya.

Allah ya yi maka albarka, ya sa wa sana'arka albarka, ya raya maka zuri'a su yi maka biyayya. Allah ya ƙara wa Gwaggo lafiya. Ni kuma ya ara mini kwana har ka iso. Amin.

Wassalam.

Wadda ta haife ka,
Tambuwal.