Rasuwar Dakta Wilfred Yashim Bakut, Likitan da Ya Hana a Yanka Mu Sau Biyu

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Waɗanda Suka Warke daga Yoyon Hanji, Kafanchan, ta samu labarin rasuwar uban ƙungiya, babban likitan fiɗa, Dattijon Ikilisiya, Dakta Wilfred Yashim Bakut, wanda ya riga mu gidan gaskiya ranar Talata, 12 ga Maris, 1996, bayan gajeriyar jinya.

Duk wanda hanjinsa ya taɓa murɗewa aka yanke aka haɗa ya san abin da muke tsoro: ɗinkin ciki ya saki, zazzaɓi ya taso, a ce sai an sake buɗe mutum. A ƙasarmu kuwa dangi ba sa yarda da fiɗa ta biyu. Mota suke nemowa su kai nasu gida ya cika a ɗakinsa, kuma mun binne da yawa a haka. Marigayi bai tsaya gardama da kowa ba. A 1989 ya dawo daga ƙarin karatu da na'urar leƙa hanji, wata siririyar roba mai fitila a baki, yana shigar da ita ta ƙofar da Allah Ya halitta, ya gano inda ɗinki ya saki, ya wanke, ya sa ƙaramin bututu ya janye ruɓar, har nama ya haɗe da kansa. Ni mai sa hannu a wannan takarda, 'yan'uwana sun riga sun shimfiɗa mini tabarma a bayan a-kori-kura lokacin da ya roƙe su su ba shi kwana goma. Yau shekara shida ke nan ina bin shanuna, kuma mu arba'in da ɗaya ne a ƙungiyar nan, Musulmi da Kirista, daga Kauru har Fadan Kagoma.

Akwai labarin da ya wajaba iyalinsa su ji kafin jana'iza. Ya rasu yana tsakiyar jinyar Malama Lai'atu, manomiyar citta daga Nok, uwar 'ya'ya biyar, wadda ya yi wa wankin hanji sau biyu kacal. Da dangin mijinta suka ji labari, washegari suka zo da bas don su tafi da ita gida. Sista Hellen, wadda ta shekara bakwai tana riƙe masa na'urar, da ƙaramin likita Dakta Jonathan, suka tare ƙofa suka ce an koya musu aikin, a ba su mako guda. Sau uku suka shiga, suka wanke yadda ya nuna musu. Jiya zazzaɓi ya sauka, yoyo ya tsaya, ta sha kunu kofi biyu ta nemi ƙari.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga uwargidansa, 'ya'yansa, Ikilisiyarsa da abokan aikinsa, tare da addu'ar Allah Ya ba su ƙarfin jure wannan babban rashi, Ya albarkaci bayansa. Muna kuka, amma kanmu a ɗage yake, domin aikin bai bi shi kabari ba. Malama Lai'atu ta roƙi a ajiye mata kujera a wurin jana'iza ranar Asabar, kuma likitoci sun ce da ƙafarta za ta zo.

Alhaji Sajo Badruddeen
Kakakin Ƙungiya