Haƙoran Nafisa

Yaya Asabe,

Assalamu alaikum. Ina gajiya? Ya jikin Malam, ya yara? Mu nan Gadarif alhamdulillahi, sai dai zuciyata ba daɗi.

Maganar 'yarki Nafisa ce, da haƙoranta na gaba da suka gutsure ranar da lori ya kife da su a hanyar Doka. Da muka sayar da riɗin bana na kai ta wurin diktor, wato likitan haƙori, don an ce akwai wani farin abu da ake liƙawa a fuskar haƙori, ya fi haƙorin tangaran araha. Don murna har lalle ta sa. Diktor ya duba ya ce, "Hajiya, wannan sai haƙori mai ƙwari. Nata saiwar ta tsage, cirewa za a yi." Na ce ko nawa ne zan ƙara. Ya ce ba maganar kuɗi ba ce.

A hanya ta ce, "Inna, ba komai," ta ja mayafi ta rufe bakinta. Yarinyar da dariyarta ke cika gida, yanzu ko makaranta ta ƙi komawa.

Ki sa ta a addu'a, Yaya. Ki gaida Malam da su Bashir.

Ƙanwarki,
Zainabu