Bangon Gabas na Baba Yaro

Zuwa ga ƙanena Reuben, a Fatakwal.

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya, kai da Loveth da yara. Allah ya ƙara mana haƙurin rashin Baba. Mu nan sai godiya. Inna tana cin abinci in an matsa mata, ƙafar ce dai har yanzu. An gama kai taki gona, ruwa kawai ake jira. Na rubuto ne domin a waya ba na iya cewa komai sai lafiya lau, kai ma ka sani.

Tun da aka binne Baba ban yi kuka ba. Na dafa wa 'yan gaisuwa abinci, na wanke kwanuka, na mayar da tabarmin aro. Wata a cikin matan majami'a har cewa ta yi wai Dokas zuciyar dutse gare ta. Ko haushi ban ji ba. Ji nake kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta, ko an mintsine ta ba ta sani ba.

Bayan ka koma, baƙi ba su yanke ba. Wani tsoho ya taso tun daga Damagaram, ya ce Baba ne ya zana masa fuskar zaure shekarar da ya yi aure. Wani ya ce ƙofar da ya sassaƙa wa wata majami'a a Jos tana nan daram. Ashe Kumasi da Garwa da Agadas ɗin da yake ba mu labari ba cika baki ba ne. Ka tuna in ya ce tafiya mabuɗin ilimi, Inna ta ce ilimi bai taɓa cika mata rumbu ba? Mazan mutane su dawo ci-rani da atamfa da gishiri, nata ya dawo da faso a ƙafa da tsohon cokalinsa na zane. Na saurari baƙin, na zuba musu ruwa, kamar labarin uban wani ake ba ni.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Bangon gabas na zaure ya dare, har hannuna yana shiga. Ka ce a waya kada kowa ya taɓa shi, domin zanen Baba na ƙarshe ne a kai, a rufe da leda har ka zo Kirsimeti. Na rufe. Gara ta shiga ƙarƙashin ledar, ta cinye wuyan raƙumin da rabin keken da ke cikin zanen. Malam Sama'ilu magini, abokin Baba, ya duba ya ce in ba a yi yaɓe ba, ruwan gabas na farko zai kwantar da zauren gaba ɗaya.

Reuben, ka daɗe a gidan siminti, ka manta. Baba bai taɓa ajiye zanensa ba. Duk bazara shi da kansa yake maka ƙasa a kan na bara, ya shafe, sannan tun bangon yana ɗanye ya zana abin da ya gano a tafiyarsa, da yatsa da cokali. Da haka zauren ya kai yau. Ni ban iya ba, ni dai mai ɗebo ruwa ce. Kai ya zaunar a gefensa, kai ya riƙe wa hannu kana jan layi, kana kuka wai ƙasa ta ɓata maka riga.

An kwaɓa ƙasa da ciyawa, tana nan tana ruɓa a bayan gida. Hadari ya fara haɗuwa da yamma. Malam Sama'ilu ya ce zai yi aikin ranar Asabar ta bayan Ista, amma ya rantse ba shi zai fara ɗora ƙasa a kan shatin yatsun Yaro ba, sai ɗan gida. Na ce ni zan ɗora. Gara a yi yanzu da ba na jin komai, don ina tsoron ranar da zan fara ji.

Ɗanyen bango safiya ɗaya yake jira. In ka zo, ka zana ko me ka gani a can, ko jirgin ruwa ne, ba wanda zai ce ka kasa. In ba ka zo ba zai bushe sumul, mai wucewa ya tambayi ina ne gidan Yaro.

Ka gaida Loveth, ka shafa mini kan Lazarus da ƙaramar Roda. Malam Sama'ilu da matarsa Huseina suna gaishe ka. Na tambayi Inna me zan faɗa maka, ta ce in gaya maka ita ba za ta ƙara bi ta ƙofar gaba ba in bangon ba komai a kansa.

Allah ya tsare hanya.

Yayarka,
Dokas