Ƙafar Ƙanenka Isa

Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da roƙon Allah ya haskaka makwancinka, na san wannan takarda ba za ta zo hannunka ba. Babu gidan wayar da ke kai saƙo inda kake. Amma tun da na fita takaba bakina ke cike da labari, kuma kai kaɗai na saba ba wa.

Yara lafiya lau. Damina ta kankama, rafin Kubanni ya cika ya batse, Tudun Wada duk ta zama taɓo kamar yadda ka sani. Motoci sai ƙaruwa suke yi, kowa ya zama ɗan kwangila, amma kwatamin ƙofar gidanmu yana nan yadda ka bar shi.

Bayan azahar, in na kishingiɗa a rumfa iska na kaɗawa, nakan gan ka. Ba ka zuwa da jikin da ka tafi da shi. Siriri kake zuwa, kamar shekarar da aka kawo ni gidan nan, kana tura tsohon kekenka daga wurin aikinka a unguwar Kongo, ka naɗe ƙafar wando, ruwa ya ɗan jiƙa maka hula. Hanyar takan yi tsawo, ciyawa kore shar a gefe da gefe, kana ta tahowa, kana ta tahowa, ba ka isowa. Ban taɓa gaya maka ba, kunya ta hana ni: a wancan lokacin ta ɓular katanga nake leƙenka duk yamma, sai na ga ka kusa in ruga in kama tankaɗe. Kuma ko da unguwa ta ɗauka tana yabon tumbinka, ni siririn nan nake so.

Ka tuna shekarar da aka biya ku ariyas na ƙarin albashi? Kai masinja guda ka wayi gari da babur, keke ya koma jingine a zaure. Shayi ya zama sai da madarar gwangwani da sukari har cokali ya kusa tsayawa. Faten da uwarka ta raine ka da shi ka ce abincin wahala ne, kai da kake Bazazzage! Duk wanda ya gamu da kai sai ya shafa cikinka ya ce Malam ya samu lafiya. Wa ya san ciwon sukari a lokacin? Mu dai mun ga kana yawan shan ruwa, kana yawan zagayawa.

Da ka kwanta, unguwa ba ta yashe mu ba. An zo dubiya har ba wurin zama. Sai dai kowa da abin da ya riƙo, kuma abin zamani shi ne lemon kwalba. Wa zai zo duba maras lafiya da ganye ana tsakiyar arziki? Likita ya hana ka, ka sani, na sani. Amma in baƙo ya buɗe kwalba da hannunsa ya miƙo maka, yana kallon fuskarka, yaya za ka yi? Sai ka karɓa ka kurɓa, ka sa masa albarka, don kada ya koma gida da kunya. Wanda ya zo bayansa ma ba za a ce an sha na wani an ƙi nasa ba. Kwana ne ya ƙare, na yarda, Allah ya riga ya rubuta. Amma har yau in na ji ƙarar buɗe kwalba sai gabana ya faɗi.

To ga labarin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ƙanenka Isa, tela, ciwon nan ya kama shi. Wata ƙusa ya taka a shago, ɗan miki kamar ƙwayar gero, ya ƙi warkewa har ya zama gyambo. A asibiti aka ce masa in bai bushe ba kafin ƙarshen damina, za a yanke ƙafar. Ƙafar dama ce, Malam, wadda yake taka keken ɗinki da ita. Ranar da matarsa ta zo ta gaya mini, nan take na hangi kwalaben da aka riga aka fara jerawa a ƙofar ɗakinsa.

Ka san Malama Talatu, nas ɗin da ke haya a bayan gidanmu, mai faɗan nan da kake ce wa Soja. Ita na samu ina kuka. Ta ce ta gaji da yi wa marasa lafiya wa'azi, domin ba su ne ke sayen lemon ba. Muka bi gida gida, ni da ita, muna zama da mata a bakin murhu. Ba wadda ta yi musu. Kowacce cewa take yi ita ma ta sani, amma ba za ta zama ta farko da za ta aika da langar zogale a ce ta raina mutane ba. Ashe duk unguwar kowa tsoron idon kowa yake yi.

Sai muka kai maganar wurin mai unguwa, shi kuma ya sa liman ya faɗa bayan sallah, cewa unguwa ta yanke shawara, duk gidan da ke da mai ciwon sukari ba a shiga da kayan zaƙi, wanda ya so alheri ya aiko da kwano. Ka ga yanzu ba maras lafiya ne ya ƙi kyauta ba, unguwa ce ta hana. Mata suka raba girki a tsakaninsu. Yau faten acha daga wannan gida, gobe wake da alayyafo daga wancan, jibi kwaɗon rama. Da za ka ga gasar da ake yi a kan faten da ka raina, da ka yi dariya har ka riƙe ciki.

Akwai ranar da na tsorata. Alhaji Mudi ɗan kwangila, wanda Isa ke ɗinka wa riguna, ya dawo daga Legas bai ji sanarwa ba. Ya iso da kiret guda na lemo a bayan mota, ya shiga ya zauna, ya buɗe kwalba da kansa ya miƙa. Ina daga tsakar gida ina hango su ta ƙofa, kuma wallahi kai na gani a kan tabarmar nan, hannunka na miƙuwa. Isa ya karɓa. Ya riƙe ta, ya daɗe yana kallonta, kumfa na tasowa. Sa'an nan ya ajiye ta a gaban Alhaji, ya ba shi haƙuri, ya ce unguwa ta ɗaure masa baki, in ya kurɓa matan Tudun Wada ba za su bar shi ya kwana lafiya ba. Alhaji ya yi dariya, ya shanye abinsa. Washegari buhun acha ya aiko.

Me ya sa ba mu yi maka haka ba? Kalma ɗaya ce kawai kake nema da za ka fake a bayanta, mutum mai kunya irinka. Ba na zargin kowa. Kewarka ce take damuna, kuma kullum ƙaruwa take yi.

Malama Talatu na zuwa tana wanke mikin kullum. Da fari ba mu ga canji ba. Sai ya daina wari, sai bakinsa ya fara haɗewa, sai sabuwar fata ta fito ja-ja kamar ta jariri. Makon jiya likita ya duba ya ce a bar masa ƙafarsa, amma ya riƙa takawa a hankali. Abokanka ma sun fara ajiye babura da safe suna tafiya tare da shi, domin in mutum ɗaya ya taka a ƙasa sai a ce arzikinsa ya karye, in suna da yawa kuwa sai a ce hira suke yi.

Na tambayi Isa inda zai fara zuwa in ya iya doguwar tafiya. Ya sunkuyar da kai, matarsa ce ta gaya mini. Ranar da aka kai ka, a bayan babur ya bi ku. Juma'ar nan yana so ya zo maka da ƙafa. Ni ba zan iya zuwa maƙabarta ba, ka sani, amma zan tsaya a zaure in bi shi da ido har ya sha kwana. In ka ji taku a kusa da kai, ɗaya da ƙarfi ɗaya a hankali, Isa ne, da ƙafafunsa biyu.

Allah ya jiƙan ka, ya sa ka huta. Sai na zo.

Taka har gobe,
Rabi